Wanda doki ya kayar da wanda doki ya harba: wace lamba ake sa wa fayil ɗinsu?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen adana bayanan marasa lafiya na wani babban asibiti, ni nake sa lambar cuta a fayil bayan an sallami majiyyaci. Bayan hawan sallah fayil huɗu sun tsaya mini a wuya. Na farko saurayi ne da dokinsa ya firgita da ƙarar bindiga ya kayar da shi, ƙafarsa ta maƙale a likkafa, dokin ya ja shi a ƙasa. Ya karye a ƙashin gaban kafaɗar dama, kansa ya fashe, waɗanda suka kawo shi sun ce ya suma. Abokin aikina ya sa masa W19. Na biyu mai kula da doki ne, yana ɗaura sirdi dokin ya harbe shi a haƙarƙari. Ta uku yarinya ce 'yar kallo da wani mahayi ya banke a titi, ta karye a cinya. Na huɗu yaro ne a kan amalanken jaki ya je ɗebo ruwa, adaidaita sahu ta buge su. Sannan littafin da ke ofishinmu V80.0 ya nuna, amma in na duba a intanet sai in ga V80.010A. Wacce ce daidai?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da tambayarka ta ƙarshe, domin in ba a warware ta ba sauran duk za su cakuɗe. Lambobin biyu daidai ne, sai dai ba daga littafi ɗaya suka fito ba. V80.0 ta ICD-10 ce, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka amince da shi a 1990, ƙasashe suka fara aiki da shi daga 1994. Shi ne a kan teburinka, kuma shi ne takwarorinka na Nijar suke buɗewa da Faransanci da sunan CIM-10, lambobin ba su canza ba. V80.010A kuwa ta ICD-10-CM ce, kundin da Amurka ta faɗaɗa don amfanin kanta, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba 2015. Yawancin shafukan da ke fara fito maka a intanet na Amurkawa ne, shi ya sa kake cin karo da ita. Ka tsaya a kan kundin da asibitinku ko kamfanin inshorar da kuke hulɗa da shi ya ɗora ku a kai, kada ka haɗa biyun a rajista ɗaya. In rabin fayil suna ɗauke da V80.0, rabi kuma V80.010A, kwamfuta za ta ƙirga su a matsayin abubuwa biyu dabam, jimillar ƙarshen wata ta tashi a banza. Za mu riƙa ba ka lambar Hukumar Lafiya ta Duniya tukuna, mu biyo da ta Amurka inda take da amfani, saboda waɗanda manhajar asibitinsu a kanta aka gina ta.

Duk wanda ya ji rauni yana buƙatar lamba iri biyu. Ta farko ta raunin kansa ce, daga babi na 19, masu farawa da S ko T: karaya, targaɗe, gocewar ƙashi, zubar jini a cikin kai. Ta biyu ta sanadi ce, daga babi na 20, masu farawa da V zuwa Y. V80 ta sanadi ce, don haka ba ta taɓa zama babbar lambar fayil ɗin mai jinya. Abin da likita ya yi wa magani shi ne a gaba, yadda abin ya faru ya biyo baya.

Lambar sanadin kuwa tana rataye ne a kan tambaya ɗaya wadda sau da yawa ba a rubuta amsarta a fayil: a daidai lokacin da abin ya faru, mutumin yana bisa dabbar ko amalanken, ko yana ƙasa? Kundin ya ɗauki dabbar da ake hawa a matsayin abin sufuri, daidai da keke ko babur. Wanda ke bisa doki, jaki, raƙumi, alfadari ko takarkari, da wanda ke zaune a amalanken da dabba ke ja, duk V80 ce tasu. Wanda ƙafarsa ke ƙasa ba ya shiga V80 ko da shi ne mai dokin, ko da linzamin yana hannunsa. Fayil ɗinka huɗu sun rabu a nan: biyu suna bisa, biyu suna ƙasa.

Bayan an tabbatar yana bisa, lamba ta huɗu, wato wadda ke bayan ɗigo, tana amsa tambaya ta biyu: da me aka yi karo? In ba a yi karo da komai ba, dabbar ce ta yi tutsu ta yar da shi, ko ya zame ya faɗo, ko amalanken ya kife, V80.0 ce. Karo da mai tafiya a ƙasa ko da dabbar da ba kowa a kanta, V80.1. Keke V80.2. Babur ko mai ƙafa uku V80.3. Mota ƙarama, a-kori-kura, bas ko babbar mota V80.4, sauran masu inji irin su tarakta V80.5, jirgin ƙasa V80.6. Karo da wata dabbar da ake hawa ko da amalanke V80.7. Abu kafaffe, kamar bishiya, katanga ko turken wutar lantarki, V80.8. Abin da bai shiga ko ɗaya ba, ko ba a san yadda ya faru ba, V80.9. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tsakanin .1 da .7. Dawaki biyu da suka yi karo a filin sukuwa ko na ƙwallon dawaki, kowanne da mahayinsa, V80.7 ce ga duka mahayan biyu. Amma mai kilisa da saniya ko akuya ta gitta masa ya banke ta ya faɗi, V80.1 ce, domin saniyar ba abin hawan kowa ba ce a lokacin.

Saurayin da likkafa ta riƙe

W19 kuskure ce, kuma ba kuskuren da za a yi gardama a kansa ba ne. Ka buɗe farkon rukunin faɗuwa, W00 zuwa W19, ka karanta jerin abubuwan da aka ce ba sa shiga ciki. Za ka ga faɗowa daga kan dabba a jerin, an tura ka V80. Haka W17, wadda wasu ke sawa don ganin cewa daga sama ya faɗo, ita ma ba ta shiga. Lambarsa V80.0. Ƙarar bindigar ba ta canza komai, domin dokin ta firgita, ba mahayin ta taɓa ba. Daidai yake da dokin da ya razana da hon ɗin babur ya kayar da mai shi ba tare da babur ɗin ya taɓa su ba: wannan ma V80.0 ce, ba V80.3 ba. Kalmar karo a nan tana nufin jiki ya haɗu da jiki. In da harsashi ko tartsatsin bindigar ne ya same shi, da sai a koma rukunin W32 zuwa W34. Jan da dokin ya yi masa bayan faɗuwa ci gaban faɗuwar ne, ba ya buƙatar wata lambar sanadi.

Wahalar wannan fayil tana wajen raunukan. Karayar ƙashin gaban kafaɗa S42.0 ce. Kundin ya ba da damar ƙara lamba ta biyar, 0 ga karayar da fata ba ta fashe ba, 1 ga wadda ƙashin ya buɗe zuwa waje, kuma in likita bai faɗi ko wacce ce ba, ana ɗaukarta a rufe. Fashewar fatar kai S01.0. Ƙujewar baya daga jan da aka yi masa a ƙasa S20.4, in likita ya rubuta ta. Saura suman. A nan muna roƙonka ka yi haƙuri ka koma wurin likitan. "Ya suma" maganar 'yan rakiya ce, ba ganewar likita ba, kuma mai sa lamba ba shi da hurumin mayar da ita S06.0, wato buguwar ƙwaƙwalwa, da kansa. In likita ya rubuta buguwar ƙwaƙwalwa, ka sa S06.0. In hoton kai ya nuna jini ya taru, lambar ta koma S06.4 ko S06.5 gwargwadon wurin da ya taru. In kuwa abin da ke fayil ɗin bai wuce "rauni a kai" ba, hannunka a ɗaure yake, S09.9 za ka sa, lambar da ba ta gaya wa kowa komai. Minti biyu a ofishin likita kafin fayil ya koma kanta sun isa su raba ka da ita.

Wacce ce babba a cikinsu? Ƙa'idar ita ce raunin da ya fi tsanani kuma ya fi cin aiki. Kundin ya yanke hukunci a wasu wurare don kada a yi ta jayayya: raunin cikin jiki yana gaba da raunin fata, raunin cikin kai yana gaba da karayar ƙoƙon kai ko ƙashin fuska, karaya tana gaba da buɗaɗɗen ciwon da ke wuri ɗaya da ita. Tsakanin buguwar ƙwaƙwalwa da karayar kafaɗa kuwa, abin da aka kwantar da shi dominsa shi ne babba. In an riƙe shi kwana biyu ana duba idonsa da hankalinsa, kafaɗar kuma rataya kawai aka yi mata, S06.0 ce a gaba. In tiyata aka yi wa kafaɗar aka sa ƙarfe, S42.0 ta wuce gaba.

A kundin Amurka wannan fayil zai fito da tsawo. S06.0X1A in suman bai wuce minti 30 ba, S42.021A in tsakiyar ƙashin dama ne ya karye ya goce, S01.01XA ga yankan fatar kai, ko S01.02XA in an ciro tsakuwa ko wani abu daga cikin ciwon, abin da ke yawan faruwa ga wanda aka ja a ƙasa. Sai V80.010A, sai Y93.52 mai nuna hawan doki yake yi, sai lambar wuri daga Y92. Harafin X cike gurbi ne kawai don harafin ƙarshe ya zauna a matsayi na bakwai, kuma in ka tsallake shi manhaja za ta ƙi karɓar lambar. Akwai kuma bambanci guda da ya kamata ka riƙe: a wancan kundin, karayar da ba a faɗi ko ta goce ko ba ta goce ba, ana ɗaukarta a matsayin wadda ta goce.

Mai kula da dokin

Yana tsaye a ƙasa, ba kowa a kan dokin, don haka babu maganar sufuri. Lambarsa W55, cizo ko bugun dabba mai shayarwa wadda ba kare ba, domin kare yana da tasa, W54. Harbin doki, haurin jaki, cizon raƙumi, tunkuyin sa, taka ƙafa da kofato, duk nan suke zuwa muddin mutumin yana ƙasa kuma ba a hawan dabbar. A kundin Amurka harbin doki W55.12XA ne, cizonsa W55.11XA.

Haƙarƙari ɗaya S22.3, biyu ko fiye S22.4. Amma kada ka rufe wannan fayil sai ka karanta sakamakon hoton ƙirji da bayanan ma'aikatan jinya. Kofato yana tara ƙarfinsa duka a wuri ɗan ƙarami, kuma abin da ke bayan haƙarƙarin ya fi haƙarƙarin haɗari. In an sa masa roba a ƙirji, to akwai iska ko jini da ya taru a gefen huhu: S27.0 ga iska, S27.1 ga jini, S27.2 ga duka biyun. In harbin a ƙasan haƙarƙarin hagu ne kuma aka shiga da shi tiyata, nemi maganar saifa, S36.0. Duk wanda ka samu a cikin waɗannan, shi ne zai hau gaba, karayar ta bi bayansa.

W55 tana karɓar lambar wuri. A tsofaffin bugun kundin ana liƙa ta a matsayin lamba ta huɗu, a sababbin kuma ana rubuta ta a gurbinta dabam, sai ka duba wanda ke hannunka. Dokin da ke ɗaure a turke a cikin gida 0 ce, gona 7, titi 4, filin wasa 3. Akwai kuma lambar abin da mutum yake yi, wadda ta shafi V80 ma: 0 wasan motsa jiki, 1 nishaɗi, 2 aikin da ake biyansa, 3 sauran ayyuka irin na gida. Ga mai kula da doki da ake biya, 2 ce, kuma tana da nauyi, domin ita ce shaidar da ke nuna a bakin aiki ya ji rauni in maganar diyya ta taso.

Akwai wani hali a tsakani da kundin bai yanke ba. Mutum ya sa ƙafa ɗaya a likkafa, ya ɗaga jikinsa, dokin ya zabura ya yar da shi. Masu babur da mota suna da lamba ta musamman ta lokacin hawa da sauka, V80 ba ta da ita. Ra'ayinmu shi ne, da zarar nauyinsa ya bar ƙasa ya koma kan dabbar, mahayi ne, V80.0. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sashenku ya zauna ya tsai da matsaya ɗaya, a rubuta ta a manna a bango, kowa ya bi. Haka wanda yana bisa doki, dokin ya ɗaga kai da ƙarfi ya fasa masa baki ko hanci amma bai faɗo ba: ba W55 ba ce tunda yana bisa, ba V80.0 ba ce tunda bai faɗi ba. Wannan shi ne halastaccen wurin V80.9.

Yarinyar 'yar kallo

Ita ma tana ƙasa, amma dokin da ya banke ta da mahayi a kansa, don haka abin sufuri ne ya buge mai tafiya a ƙasa. Lambarta V06, wadda ta ƙunshi karo da dabbar da ake hawa da amalanke. Lamba ta huɗu a nan tana raba wuri: V06.1 in a kan hanyar jama'a ne, V06.0 in ba a kan hanya ba ne, kamar filin sukuwa ko harabar gida. Ka ce a titi ne, to V06.1, a kundin Amurka V06.10XA. Karayar tsakiyar ƙashin cinya S72.3 ce, ita ce babba.

Kafin ka amince da wannan, ka tabbatar da abu biyu daga bayanin da aka ɗauka, domin ranar hawa labari yakan canza tsakanin titi da ɗakin agajin gaggawa. Na farko, mahayin yana kan dokin a lokacin? Dokin da ya riga ya kayar da mai shi ya kutsa cikin mutane shi kaɗai ya daina zama abin hawa, wanda ya taka W55 ce tasa. Na biyu, dokin ne ya taɓa ta, ko mutane ne suka dare da gudu suka tattake ta? In turmutsutsu ne, lambar W52 ce, kuma iyaye da yawa za su ce "doki ne" alhali ƙafar mutane ce ta karya yarinyar. In shi mahayin ma ya faɗi a wannan karon ya zo asibiti, shi V80.1 ce tasa. Hatsari ɗaya, mutum biyu, lamba biyu, domin kullum ana fara duba abin da wanda ya ji raunin yake kai, sannan abin da ya yi karo da shi.

Yaron amalanke

In yana zaune a kan amalanken, V80.3, a kundin Amurka V80.32XA. Adaidaita sahu mai ƙafa uku ce, ba ta shiga V80.4 ta motoci. Amma ka san yadda yara ke kora jaki: sau da yawa in jarkoki sun cika sai yaron ya sauko ya bi gefe da sanda. In haka ne, mai tafiya a ƙasa ne, V02.1. Mai tura kurar ruwa da hannu shi ma kundin mai tafiya a ƙasa ya ɗauke shi. Lambar aiki 3 ce in ruwan gida ya je ɗebowa, 2 in na sayarwa ne.

Direban adaidaitar, in ya ji ciwo, V36.5, fasinjansa V36.6. Ɗan acaɓa da ya yi karo da doki mai mahayi ko amalanke V26.4, amma in saniyar da ke yawo ce ya buga, V20.4. Rabuwar da muka yi tsakanin .1 da .7 ce ta sake dawowa ta ɗaya gefen.

Wannan fayil ne ya fi saurin ɓacewa. Likita yakan rubuta haruffa uku na hatsarin hanya, wato RTA, ya wuce, kuma in ba ka da wani bayani, kundin zai kai ka V89.2, hatsarin mota da ba a fayyace ba. Daga nan jakin da amalanken sun fita daga lissafi. V80.3 zuwa V80.5 suna cikin lambobin da ake haɗawa in ana ƙirga waɗanda ababen hawa masu inji suka raunata a hanya, kuma su kaɗai ne ke iya nuna cewa akwai yara a kan amalanke marar fitila da ake bugewa da magariba a hanyoyin ƙauye. In duk an zuba su a V89.2, babu wanda zai iya tsayawa gaban hukuma da takarda a hannu ya ce a sa wa amalanke abin ƙyalli a baya. Shi ya sa muke matsa wa masu sa lamba a kan wannan, ba don son tsawaita aiki ba.

In ya dawo, ko ya zo a makare

Mai karaya da yawa ba asibiti yake fara zuwa ba, wurin mai ɗori yake farawa. In ya zo bayan mako biyu ko uku karayar tana nan ɗanya, lambar S ce har yanzu, da V80 ɗinta. A kundin Amurka harafin A yake ɗauka, domin A tana nufin ana kan ainihin maganin raunin, ba zuwan farko ba. Wanda kuka tura Asibitin Ƙashi na Dala aka yi masa tiyata a can, su ma A za su sa. D ta lokacin warkewa ce, kamar zuwa duba ɗauri ko cire shi, S kuma ta larurar da raunin ya bari.

A kundin Hukumar Lafiya ta Duniya babu waɗannan haruffa, lambobi dabam ake amfani da su. Wanda ya dawo a cire masa ƙarfe Z47.0, a duba ko a cire filasta Z47.8. Wanda ya zo bayan watanni ƙashin ya haɗe a karkace M84.0, wanda nasa ya ƙi haɗewa M84.1. Ɗaurin da aka matse har jini ya kasa kai wa tsoka T79.6. Ga larurar da likita ya ce sakamakon tsohon rauni ce, ko wadda take nan bayan shekara ɗaya ko fiye, ana sa larurar a gaba, a bi ta da lambar tsohon raunin, misali T92.1 ga karayar hannu ko kafaɗa, T93.1 ga ta cinya. Sanadin kuma ba V80 ba ne yanzu, Y85 ne: Y85.0 in da abin hawa mai inji a hatsarin, kamar na yaron amalanke, Y85.9 in babu, kamar na saurayin. In ka ci gaba da sa V80.0 duk zuwan da ya yi, mutum ɗaya zai zama hatsari biyar a rahoton shekara.

In rai ya yi halinsa, tsarin yana juyawa. A takardar shaidar mutuwa likita zai jera abin da ya kashe shi kai tsaye a layin sama, misali taruwar jini a cikin kai, sai karayar ƙoƙon kai a ƙasansa, sai faɗowa daga doki a layin ƙarshe. A ƙididdigar mace-mace, V80.0 ce ake ɗauka a matsayin tushen mutuwar, raunin ya zama ƙari. Wannan ne kaɗai wurin da lambar sanadi take shiga gaba.

Duk abin da muka faɗa ya dogara ne da bayanin da ba kai kake ɗauka ba. Lokacin da fayil ya iso teburinka, 'yan rakiyar da suka ga abin da idonsu sun daɗe da komawa gida. Shawararmu ita ce ku nemi shugaban ɗakin agajin gaggawa kafin hawan sallah mai zuwa, a ƙara layi biyar a katin karɓar majiyyaci, ko a yi hatimi da su: yana bisa ko yana ƙasa, wace dabba ce, ta yi karo da wani abu ko a'a kuma da me, a ina, me yake yi a lokacin. Ma'aikacin jinya zai cike su cikin minti ɗaya yana auna hawan jini.

Layin "wace dabba ce" yana da dalili na musamman. V80.0 ta Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta raba doki da jaki da raƙumi, ba ta ma raba mahayi da na cikin amalanke. Ta Amurka ta raba mahayi da na amalanke, amma a dabbobi doki kawai ta ware da V80.010, sauran duka ta tara su a V80.018. A asibitin da ke karɓar mahayan sallah da yaran amalanke da masu raƙuma, wannan bambanci shi ne abin da za a fi so a sani. Kada ku ƙirƙiri lamba ta biyar ta kanku ku liƙa wa V80, domin duk manhajar da ta karɓi bayananku daga waje za ta yi watsi da ita. Ku buɗe gurbi dabam a rajista ku rubuta sunan dabbar da kalma. Kundin ICD-11, wanda ya fara aiki a hukumance ranar 1 ga Janairu 2022, ya canza fasalin lambobin gaba ɗaya, raunuka suna farawa da N, sanadi da P, kuma ana harhaɗa bayanin hatsari ne daga ƙananan lambobi da ake jonawa. Ranar da asibitinku ya koma kansa, waɗannan layuka biyar su ne za a buƙata don a juya tsofaffin fayil zuwa sabon tsari.